INJIN TSAGA KATAKO: A ƘIRGA ITACE KAFIN A ƘIRGA KUƊI

Katako yana da tsada a Yekuwa. Haka yake a Magariya, haka yake a Dungas. Kafintan da zai yi ƙofa, ko bencin lakwal, ko gadon amarya, sai ya sayi katakon da ya sha doguwar tafiya. Yawancinsa daga dazuzzukan kudu yake fitowa. Kuɗin mota da kuɗin duwan duk a kansa suke.

Amma kowace shekara, in iskar farkon damina ta taso, takan kayar da manyan dalbejiya a cikin gari. Sai a sa gatari a faskare su, a yi makamashi. Itacen da zai ba da ƙofa biyar ya ƙare a murhu.

Wannan ya sa wasu samari da wasu ƙungiyoyi suke tunanin sayen ƙaramin injin tsaga katako, irin wanda ake ɗauka a kai shi inda itace yake. Tunani ne mai kyau. Sai dai kuɗin da yawa, kuma sau da yawa bashi ne. Wanda ya zaɓa daidai ya sami sana'a. Wanda ya zaɓa da garaje yana iya sayar da gonarsa don ya biya bashi.

WACE IRIN SANA'A CE?

Kowa ya san injin niƙa. Mai injin ba ya sayen hatsi. Mata ne suke kawo nasu, ya niƙa, su biya shi lada.

Haka wannan sana'a take. Mai inji ba ya sayen itace. Mai gungume ne yake kiran sa. Ya tsaga masa katako, a biya shi kuɗi a kan kowane katako, ko kuwa su raba katakon.

Amma akwai bambanci babba. Gero yana nuna cikin wata uku, kuma baɗi ma za a sake nomawa. Dalbejiya kuwa takan yi shekara 15 ko 20 kafin ta yi kaurin da za a tsaga. In injin niƙa ya cinye hatsin bana, na baɗi yana zuwa. In injin katako ya cinye itatuwan gari, sai a jira ƴaƴa su girma.

Saboda haka tambaya ta fari ba ita ce "wane inji ya fi ƙarfi?" ba. Tambaya ta fari ita ce: "gungume nawa za a samu a shekara, ta hanyar halal?"

BA KOWANE ITACE NE NA ZARTO BA

Baƙon da ya shigo ƙasar Magariya zai ga gonaki cike da itatuwa. Zai ce ai nan aiki ba ya ƙarewa. Ya yi kuskure.

Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984. A wancan lokaci gonaki da yawa sun zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasa, tana binne shuka. Daga baya manoma suka koma barin toho a gona in suna sassabe, suna rage masa rassa, suna renon sa. Shi ne ake kira sassaben zamani. A 2006 masu bincike sun zagaya Magariya da Matamaye da Mirya. Sun kimanta cewa gonakin da itace ya dawo cikinsu sun kai hekta miliyan 1. Har ƙasashen waje ana ba da misali da wannan aiki.

Yawancin itatuwan nan gawo ne. Gawo kuwa a tsaye ya fi amfani. Da damina yana zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa. Ganyen ya zama taki. Da rani ƴaƴansa abincin dabbobi ne. Gero da ke gindinsa ya fi na fili kyau, kowane manomi ya ga wannan da idonsa. Katakonsa kuma ba shi da ƙwari sosai, ƙwari suna huda shi da wuri. Ana ba da labari cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya sare gawo a bakin ransa. Mutanen da sun san darajarsa.

Doka ma ta yi magana. Tun dokar daji ta 1974 aka ware itatuwan da ba a sarewa sai da izini. A cikinsu akwai gawo, kuka, giginya, goruba, maɗaci, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya da aduwa. Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce ta ranar 8 ga Yuni 2004. Ita ma ta ce saran itace don ciniki sai da takarda. Ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince cewa manomin da ya reni itace a gonarsa shi ne mai cin moriyarsa. Amma wannan bai zama izinin sara yadda aka ga dama ba. Wanda zai shiga sana'ar nan, ofishin gandun daji ne wurin da zai fara zuwa, ba kantin mai sayar da inji ba.

To, waɗanne itatuwa suka rage wa zarto?

Na ɗaya, dalbejiya, wadda wasu ke kira bedi ko dogon yaro. Dangin maɗaci ce. Katakonta yana da kyau, yana da ja-ja, kuma gara ba ta cika son sa ba. In aka sare ta tana sake toho.

Na biyu, turare, wanda ake dasawa a garake da fadamu. Yana miƙewa sak, yana saurin girma. Amma katakonsa yana son tsagewa da karkacewa in bai bushe a hankali ba.

Na uku, tsohon mangwaron da ya daina ƴaƴa, da duk itacen da iska ta kayar ko ya mutu a tsaye, in ma'aikatan gandun daji sun gani sun yarda.

YADDA AKE ƘIRGA

Wannan aiki ba ya cin kuɗi. Igiya ake buƙata, da ma'aunin mita, da littafi da alƙalami.

A bi gari gari, iyakar inda amalanke zai iya zuwa ya dawo a yini. A duba itatuwan da masu su suke son sarewa. A zagaya kowane itace da igiya daidai ƙirjin mutum. In igiyar ta kai mita 1, kaurin itacen ya kai wajen santimita 32 ke nan. Wanda bai kai haka ba, katakonsa kaɗan ne, gara a bar shi ya ƙara girma, ko a yi dirka da shi.

A duba tsawo kuma. Ana son jikin itace miƙaƙƙe, aƙalla mita 2 kafin rassa su rabu. Itacen da aka sha datse wa kai sau da yawa cikinsa kogo ne. A buga shi da bayan gatari: in ya yi amo kamar ganga, ba shi da amfani ga zarto.

A rubuta duka: sunan gari, irin itace, kauri, tsawo. Kada a ɗauka za a sare su duka a shekara ɗaya. A raba jimillar gida 15, gwargwadon shekarun da sabon dashe zai yi kafin ya maye gurbi. Abin da ya fito shi ne abincin inji na shekara.

INJUNA IRI UKU

1. Mai sarƙa. Wannan babban zarton inji ne irin na hannu, aka ɗaura masa ƙarfe mai riƙe shi daidai, don yanka ta miƙe. Shi ya fi araha. Mutum ɗaya yana ɗaukar sa a kan babur. Yana aiki a inda itace ya faɗi, ba sai an ɗaga gungumen ba. Illarsa: yana da jinkiri, yana gajiyar da mutum, yana shan fetur da baƙin mai da yawa, kuma yana mai da itace mai yawa gari. Yana son sarƙa ta musamman mai yanka a tsaye, ba irin ta datse rassa ba.

2. Mai ɗamara. Zartonsa siririn ƙarfe ne mai haƙora, an haɗa bakinsa biyu kamar ɗamara, yana zagaya ƙafa biyu. Ana ɗora gungume a kan gadon ƙarfe, a tura kan injin bisa dogo. Kamfanin Wood-Mizer na Amurka ya yaɗa irin wannan tun 1982, yanzu kuma ana ƙera shi a ƙasashe da yawa, har da Sin. Shi ya fi tattalin itace, yana ba da katako mai faɗi mai santsi. Illarsa: dole a ɗaga gungume a kai masa, dole a kafa shi a wuri madaidaici, kuma zartonsa yana dakushewa cikin awa ɗaya ko biyu na aiki. Wasa shi sai da na'ura ta musamman.

3. Mai faifai. Zartonsa zagayayyen ƙarfe ne mai haƙora kaɗan masu tauri. Yana yanka a kwance, a juya shi ya yanka a tsaye, katako ya fita da kusurwa daidai. Na kamfanin Lucas Mill na Ostireliya shi ne sananne. Ana harhaɗa shi a kan gungumen, ba a ɗaga gungumen. Yana cin itace mai tauri, ana wasa shi a jikin injin cikin ƴan mintoci. Illarsa: ya fi tsada, a yanka ɗaya faɗin katakonsa ba ya wuce santimita 15 zuwa 25, kuma manyan gumagumai ne abincinsa. A ƙanana asara ne.

LISSAFIN GARIN KATAKO

Kowane zarto yana cin wani abu daga itace a duk yanka. Abin da ya ci shi ne garin da ke zuba ƙasa. Mai sarƙa yana cin wajen milimita 10. Mai faifai wajen milimita 6. Mai ɗamara wajen milimita 3.

Ga misali. An gyara gungume ya zama mai kusurwa huɗu, kaurinsa santimita 30. Ana son katako mai kaurin santimita 2 da rabi.

Mai sarƙa zai fitar da katako 8.
Mai faifai zai fitar da katako 9.
Mai ɗamara zai fitar da katako 10.

Katako biyu a gungume ɗaya kamar ba kome ba ne. Amma a gungume 100, katako 200 ne suka zama gari. A ƙasar da itace yake da wuya, wannan abin dubawa ne.

TAMBAYOYI KAFIN A BIYA

Wa zai gyara shi? Ƙananan injuna da yawa suna aiki da inji mai ƙarfin doki 13 ko kusa da haka, dangin injin ban ruwa da ake gani a garaken Korama. Irin wannan makanikan Magariya sun san shi. Injin da ba wanda ya taɓa buɗe irinsa, ranar da ya tsaya ya zama kayan kallo.

Ina ake samun kayan gyara? A tambayi mai sayarwa: zarto, bel, sarƙa, dutsen wasa, akwai su a Damagaram, ko Maraɗi, ko Kano? Kada a manta an rufe iyaka a 2019, an kuma rufe ta a 2023. Mai dogara da kayan da ke ƙetare kaɗai, aikinsa yana iya tsayawa wata da watanni. A sayi zarto da yawa tun ranar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa zai wasa zarto? Wannan ita ce babbar matsala a ƙasar rairayi. Iskar hunturu tana cusa rairayi cikin ɓawon itace, rairayi kuwa maƙiyin kaifi ne. Dole a ɓare ɓawo a inda zarto zai bi. Dalbejiyar bakin kasuwa kuma cike take da ƙusoshi, na allo da na rumfa, wasu sun nutse ba a ganin su. Ƙusa ɗaya tana kashe zarto. Wanda zai sayi mai ɗamara, ya sa kuɗin na'urar wasa cikin lissafi tun farko.

Da me zai yi aiki? Akwai masu aiki da lantarki. Suna da kyau a birni, amma ba a kai su daji. Ga ƙauye, mai fetur ko mai gazuwal ya dace.

Yaya za a ɗauke shi? Injin da ake warwarewa a ɗora a amalanke ya fi wanda sai mota ta ja shi, domin hanyoyin ƙauye rairayi ne.

Sabo ko tsoho? Tsoho yana da sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Kada a biya sai an tsaga gungume a gaban mai saye. A auna katakon a kai, a tsakiya, da a gindi. In kaurin bai zama ɗaya ba, injin yana da ciwo. Gani ya kori ji.

LISSAFIN KUƊI

Waɗannan lambobi misali ne kawai. Kowa ya sa farashin da ya samu.

A ce inji da kayan aikinsa sun tashi miliyan 3 na sefa. An ci bashi, za a biya cikin shekara 3. Ke nan miliyan 1 kowace shekara, ban da abin da mai ba da bashi zai ɗora.

A ce kowane gungume, bayan an cire kuɗin mai, da na zarto, da ladan ma'aikata, da kuɗin takarda, yana barin jika 5.

Miliyan 1 jika 1000 ce. A raba 1000 da 5, ya ba da 200. Sai an tsaga gungume 200 a shekara kafin a biya bashi kaɗai. Mai inji bai ci kome ba tukuna.

Yanzu a buɗe littafin ƙirga. In ya nuna gungume 60 a shekara, wannan inji ya fi ƙarfin garin. Mai shi hanya biyu ta rage masa: ko ya kasa biya, ko ya fara bin gawo da dare. Ta farko ta kashe shi, ta biyu ta kashe gonakin jama'a, ta kuma haɗa shi da hukuma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

BAYAN AN TSAGA

Ɗanyen katako bai zama kaya ba. In aka yar da shi a rana, zai tsage ya lanƙwashe. A jera shi a inuwa, a kan dakali madaidaici, nesa da ƙasa saboda gara. A sa ƴan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane jeri, kowane rabin mita, don iska ta ratsa. A shafa fenti a bakin katakon biyu. A ɗora nauyi a sama. Sai ya yi watanni kafin kafinta ya taɓa shi. Mai inji ya bayyana wa mai itace wannan, in ba haka ba ranar da ƙofa ta karkace, injin za a zarga.

Ba abin da ake zubarwa. Gefe-gefen gungume makamashi ne. Rassa dirka ne. Garin katako ana shimfiɗa wa kaji.

KIYAYE RAI

Zarto bai san itace ba, bai san hannu ba. Ba a aiki da babbar riga, ko rawani mai jela, ko silifa. A sa tabarau, da abin toshe kunne, da takalmi mai kauri. Mai sarƙa yakan yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi in bakinsa ya taɓa abu. Ba a gyara inji yana kunne. A kori yara nesa, domin duk inda inji ya yi ƙara sai sun taru. Kada mutum ya yi aiki shi kaɗai a daji, nesa da likita.

TO, WANNE YA DACE?

Littafin ƙirga ne zai ba da amsa.

In itatuwan kaɗan ne, warwatse gari gari, mai sarƙa ya isa. Kuɗinsa kaɗan, in aiki ya tsaya ba a shiga uku ba. Sai dai shi ne ya fi sauƙin shiga hannun ɓarayin itace. Mai shi ya riƙe ƙa'ida ɗaya: ba takarda, ba yanka.

In akwai dalbejiya da turare masu matsakaicin kauri a garuruwa da yawa kusa da juna, ƙaramin mai ɗamara ya fi. A kafa shi wuri ɗaya kusa da kasuwa, amalanke yana kawo masa gumagumai. Wannan ya fi dacewa da ƙungiya, wadda kafintoci suke ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai faifai na ƙasar manyan itatuwa ne. A nan da wuya ya ci kuɗinsa.

In kuwa ƙirga ta nuna itace bai isa ba, ba kunya ba ce. A ajiye kuɗin. A yi gandun dashe tukuna. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, an fara dasa layukan dalbejiya don tare iska a 1975. Bayan shekaru, manoman can suka riƙa datse su bi da bi suna sayar da itace, layukan kuma suna sake toho. Wanda ya dasa shi ke da abin sarewa. Kowace ranar 3 ga Agusta ana bikin dashen itace a Nijar. Mai injin katako shi ya kamata ya riga kowa zuwa, kuma ya shayar da abin da ya dasa har ya kama.

AIKI GA AJIN YAƘI DA JAHILCI

1. A rubuta sunayen itatuwa biyar da ba a sarewa sai da izini.
2. A auna dalbejiya goma na gari da igiya. Nawa ne suka kai mita 1?
3. In gungume ɗaya yana barin jika 4, gungume nawa za a tsaga a biya jika 600?
4. A gayyaci ma'aikacin gandun daji ya zo aji, ya bayyana yadda ake neman takardar sara.